Garantin wata 3 a kan "moter da bwat": wa zai biya idan inji ya yi zafi a hanya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa. Wata 2 da suka wuce na sayi Corolla ta hannu a wani filin sayar da motoci a Yamai, mai filin ya rubuta mini a bayan rasit cewa akwai garanti na wata 3 a kan moter da bwat. Satin da ya wuce ina dawowa gida, bayan na wuce Dogon Dutsi allurar zafi ta hau, na lallaɓa har Ƙonni, nan mota ta mutu. Makanike ya ce jwan kilas ya ƙone, wataƙila ma kilas ɗin ya lanƙwashe. Na kira mai filin, ya ce zafi ba ya cikin garanti. Motar tana Ƙonni, ba a buɗe ta ba tukuna. Shin gaskiya ya faɗa? Kuma asirans ɗina ba za ta biya ba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Tambayarka biyu ce: ko garantin moter da bwat, wato inji da akwatin giya, da aka rubuta maka ya haɗa da ɓarnar da zafi ya yi, da kuma ko asirans tana da hannu a ciki. Kafin komai, ka kira makaniken nan na Ƙonni yanzu, ka ce masa kada ya kwance ko ƙusa ɗaya. Abin da ya fi komai daraja a hannunka yau shi ne cewa ba a buɗe injin ba. Da zarar an ɗaga kilas, wato kan inji, ba a gaban mai filin ba, to ka ba shi amsar da zai riƙa maimaita maka har ka gaji: "ai wani ya taɓa ta."

Maganar asirans gajera ce, bari mu kawar da ita. Wadda doka ta wajabta a kan kowace mota a Nijar, bisa kundin dokar asirans na CIMA da ƙasashe 14 na Afirka suke aiki da shi, tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ne, jikinsa ko dukiyarsa. Ko babbar nan da ake kira "tu risk" ka yanka, abin da ta saba ɗauka shi ne haɗari, gobara, sata da fashewar gilashi. Injin da ya lalace da kansa yana tafiya ba ya cikinsu, sai fa idan an ƙara wani sharaɗi na musamman a rubuce kuma ka biya kuɗinsa daban. Duba takardarka, amma kada ka sa rai.

Garanti ba iri ɗaya ba ne

Kalma ɗaya muke faɗa, amma abubuwa uku ne mabambanta. Na farko shi ne na kamfanin da ya ƙera mota, wanda ke zuwa da sabuwa dal daga wakilinsa. Na Toyota a ƙasashe da yawa shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Mutane suna mance wannan ƙarshen: mai jigila tsakanin Yamai da Agadas zai iya cinye kilomitocin cikin shekara ɗaya da rabi, garanti ya ƙare alhali takarda tana nuna saura wata 18. A Amurka Toyota tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan mota baki ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Kia a Turai tana ba da shekara 7 ko kilomita 150,000. Waɗannan alƙaluma suna da daɗin ji a bakin dillali, amma garantin kamfani yana bin yankin da aka sayar da motar ne, kuma yawancin motocin da ke sauka daga tashar jirgin ruwa zuwa filayen Yamai sun daɗe da wuce shekarunsa. Wadda kamfanin inshora na can ya rubuta ta a matsayin wadda ta tashi daga aiki saboda haɗari ko ambaliya kuwa, nata ya mutu tun kafin a loda ta.

Na biyu shi ne wanda ake saye daban, kamar inshora, don ɗaukar gyaran lalacewar inji bayan na kamfani ya ƙare. Na uku shi ne irin naka: alkawarin mai sayarwa da kansa, layi ɗaya a bayan rasit. Dukansu ginshiƙinsu guda ne. Garanti yana ɗaukar aibin da ke cikin kaya, ba ya ɗaukar cinyewar yau da gobe, ba ya ɗaukar abin da direba ko hanya suka jawo. Shi ya sa galibi ba za ka ga an biya faifan birki, farantin ambirayaj, taya, batir, fulogi, filta ko amortiser ba. Waɗannan an yi su ne don su cinye.

Ina gaskiyar mai filin, ina ƙaryarsa

"Zafi ba ya cikin garanti" rabin magana ce. Zafi alama ce, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Tambayar ita ce me ya kawo shi. Jwan kilas, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wadda ke raba hanyar ruwa da ta mai da ɗakin wuta, ɓangaren inji ne ba musu. Idan shi ne ya fara yoyo, iskar wuta ta riƙa shiga ruwa tana korar shi har inji ya yi zafi, to wannan lalacewar moter ce, kuma tana cikin abin da aka rubuta maka. Idan kuwa tiyon radiyata ne ya fashe, ruwa ya zube, ka ci gaba da tafiya har jwan ya ƙone, mai filin zai ce tiyo ba moter ba ne, ƙonewar kuma kai ka jawo ta. Dukan shari'arku ta tsaya a kan abin da ya fara lalacewa.

A nan ne dole in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Kalmar nan "na lallaɓa har Ƙonni" ita ce raunin maganarka. Tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni kilomita kusan 140 ne. Kan injin Corolla na alminiyom ne, kuma alminiyom ba ya jure zafi. Mintuna kaɗan allura tana kan ja sun isa su lanƙwasa shi. Kusan kowace yarjejeniyar garanti da aka rubuta da kyau tana da sharaɗin cewa direba ya tsaya da zarar alama ta fito, kuma ba a biyan ɓarnar da ta ƙaru saboda ci gaba da tuƙi. Na san dalilin da ke sa mutum ya ƙi tsayawa a wannan hanya, musamman idan yamma ta yi, kuma rai ya fi mota. Amma ka shirya jin cewa ko da an tabbatar asalin laifin na motar ne, za a iya raba kuɗin: shi ya ɗauki abin da ya fara lalacewa, kai ka ɗauki abin da tafiyar ta ƙara. Ka zauna ka tuna daidai inda allurar ta hau, kilomita nawa ka yi bayan nan, sau nawa ka tsaya, ka zuba ruwa ko ba ka zuba ba. Rubuta shi yau, kada ka ƙara kada ka rage.

Yadda ake gano abin da ya fara

Akwai binciken da ake yi ba tare da an buɗe inji ba, kuma shi ya kamata a fara yi a gabanka da mai filin ko wakilinsa. A fara da ido. A duba tiyo na sama da na ƙasa, da ƙananan da ke shiga cikin mota, ko akwai wanda ya tsage. A duba radiyata, musamman inda robar sama ta haɗu da alminiyom, domin nan take tsagewa idan ta tsufa. A duba ƙarƙashin famfon ruwa. Yana da ɗan rami da yake ɗiga idan ya fara mutuwa, kuma yakan bar busasshen sawu fari ko ja-ja, wanda ke nuna yoyon ya daɗe. A buɗe murfin radiyata bayan inji ya huce sarai, a duba robarsa. Murfin da ba ya riƙe matsi yana sa ruwa ya tafasa da wuri. A gwada fanka ko tana tashi, a duba fis da rele ɗinta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa da Ƙonni ke haura maki 40, mota mai matacciyar fanka ba ta da inda za ta.

Daga nan sai a cika ruwa a matsa shi da famfon gwaji a ga inda yake fita. Idan allurar famfon tana sauka amma ba a ga ɗigo a waje ba, ruwan yana shiga ciki ne. A zaro sandar gwajin mai, a duba ƙarƙashin murfin mai: idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Akwai kuma wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin radiyata, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin wuta yana shiga ruwan sanyaya inji. Sai gwajin matsi na kowace silinda. Biyu da ke maƙwabtaka idan suka faɗi tare, jwan ya ƙone a tsakaninsu. A ƙarshe a jona na'urar bincike, wadda makanikai ke kira baliz, a karanta abin da kwamfutar mota ta ajiye, a ɗauki hoton allon kafin kowa ya goge. Kada a cire kan batir kafin wannan, domin a motoci da yawa cire shi yana share bayanan.

Waɗannan gwaje-gwaje suna tabbatar da cewa jwan ya ƙone, amma ba su kaɗai ke faɗin yaushe ba. Sai an ɗaga kilas ake ganin tarihi. Ga abubuwan da ke nuna ciwon ya girmi cinikinku: kan fistan ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi alhali sauran sun yi baƙi, alamar ruwa ya daɗe yana shiga yana wanke shi da tururi, tsatsa a jikin silinda, sawun gam ko silikon a inda bai kamata ba, kawunan ƙusoshin kilas da suka sha sufana, fuskar kilas da aka taɓa gogewa a inji. Sai babbar shaida, wadda muke yawan gani a motocin hannu: garin toshe yoyo da ake zubawa a radiyata, ko a tarar an cire kalorsta gaba ɗaya. Kalorsta ita ce ƴar ƙofar da ke buɗewa idan ruwa ya kai wajen maki 82. Makanikanmu da yawa suna cire ta wai don ƙasarmu da zafi, kuskure ne, amma mai son ɓoye motar da ke zafi ma haka yake yi. Idan aka sami garin nan tare da rashin kalorsta a motar da ka saya wata 2 da suka wuce kuma ba ka taɓa kai ta gyaran ruwa ba, maganarka ta yi ƙarfi ƙwarai.

Shi kuma kilas ba a yanke masa hukunci da ido. Ana ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye, a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a zura siririn ma'auni a ƙarƙashi. A injunan Toyota da yawa iyakar lanƙwasar da aka yarda da ita 0.05 ce ta milimita, wato ba ta kai kaurin gashin kai ba. A kuma gwada shi ko ya tsage, domin goge kilas mai tsaga asarar kuɗi ce: za a ɗaura, a yi sati 2, ruwa ya sake haɗuwa da mai.

Layi ɗaya a bayan rasit

Ban ga takardarka ba, kuma ban ga injin ba, don haka ba zan ce maka ka ci ko an ci ka ba. Amma idan abin da aka rubuta bai wuce "garanti wata 3 moter da bwat" ba, to gajartarsa takobi ce mai kaifi biyu. Bai ce ban da zafi ba, saboda haka mai filin ba shi da inda zai nuna maka wannan togiya. Bai kuma ce ko famfon ruwa da radiyata suna cikin "moter" ba, bai faɗi wa zai biya kuɗin hannu ba, wa zai biya jan mota, sabon kaya za a saka ko na kwance. A ganina famfon ruwa da kalorsta na jikin inji ne, radiyata da tiyo kuwa ana iya jayayya a kansu. Duba ko akwai kwanan wata, sa hannu, hatimi da lambar shasi mai harufa da lambobi 17. Idan dillali ne ya rubuta ba mai filin ba, ka fara tabbatar da wanda alkawarin ya hau kansa.

Ban da wannan takarda, akwai kariyar da doka ta ba ka ko ba a rubuta komai ba. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, daga aya ta 1641, ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi: wanda yake nan tun kafin ciniki, wanda mai saye ba zai iya gani da dubawa ta al'ada ba, kuma wanda ya hana kaya yin aikin da aka saye su dominsa. Mai saye yana da zaɓi, ya mayar a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa. Idan mai sayarwa ya san da aibin ya ɓoye, har diyya tana hawa kansa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malaman fikihu ma sun yi bayanin mayar da kaya saboda aibi, kuma sau da yawa tuna wa mutum wannan a gaban dattawan kasuwa ya fi takardar lauya saurin aiki. Sai dai nauyin kawo hujja a kanka yake, kuma doka tana son a tashi da wuri, ba a yi wata da watanni ana "sai na zo Yamai" ba. Yadda kotu za ta auna tafiyar da ka yi bayan allura ta hau, wannan lauya ne zai duba maka da takardun a gabansa.

Abin yi daga yau

Ka aika masa saƙo a rubuce, ko ta WhatsApp ne, da ranar da abin ya faru, wurin, kilomitan da ke kan kwantar, da hotuna: tabulo, ƙarƙashin bonet, sandar mai, rasit gaba da baya. Ka ce kana neman ya zo ko ya turo makanikensa a buɗe injin a gabansa, ka sa masa rana. Kiran waya ba ya barin sawu, kuma watanka na uku yana tafiya. Abin da ake dubawa shi ne ranar da ka sanar, don haka kada ka bari ya ja ka da "bari in gani" har wa'adi ya cika. Idan ya ce a kawo motar Yamai, ku yi magana a kan kuɗin ɗauko ta tun kafin a loda, kilomita fiye da 400 ba wasa ba ne. A ɗora ta a kan babbar mota. Kada a tayar da ita, kuma idan giyarta otomatik ce kada a ja ta da igiya tayoyin gaba suna ƙasa, sai ka gyara moter ka kashe bwat.

Idan ya ƙi zuwa, ka nemi ƙwararren mai duba motoci, irin waɗanda kamfanonin asirans ke aiki da su, ya halarci buɗewar ya rubuta rahoto, ko wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida da kai takardu, ya zo ya rubuta abin da ya gani ya kuma kai masa takardar gargaɗi. Kowane ƙarfe da aka cire ka riƙe shi: tsohon jwan, kalorsta in akwai, famfo, tiyo, har da kwalba ɗaya ta ruwan radiyata da ɗaya ta man inji. Yaran gareji suna zubar da waɗannan ba da mugun nufi ba, sai ka faɗa musu tun da wuri. Ka kuma nemo rasit na bidanjin da ka yi tun da ka saye ta. Rashin shaidar canjin mai yana cikin dalilan da ake korar masu garanti da su, ko a wurin manyan wakilai. A ƙurarmu da zafinmu, kilomita 5,000 ko wata 6 shi ne abin da littattafan motoci da yawa ke sa wa yanayi mai tsanani, kuma rasit ɗin ya nuna kwanan wata, kilomita da irin man.

Ka auna kuɗin kafin ka auna fushin. Idan gyaran bai wuce jwan, goge kilas, sababbin ƙusoshi, kalorsta, mai da ruwa ba, sulhu a raba ya fi maka zirga-zirgar Tawa da Yamai. Idan kilas ya tsage ko gangar injin ta taɓu har sai an sauya inji, nan ne ya cancanci a je da nisa. Duk abin da kuka shirya a rubuta shi, har da garantin gyaran kansa: wata nawa, kilomita nawa.

In za ka sake karɓar garanti

Ko na mai fili ne ko wanda ake saye daban, wurare kaɗan ne kuɗi ke ɓuya. Ka nemi a lissafa sassan da aka ɗauka da sunansu, domin a irin wannan takarda abin da ba a ambata ba ba ya ciki. Ka tambayi kason da kai za ka fara biya a kowane gyara, da iyakar abin da su za su biya, da ko suna rage kuɗin kaya saboda tsufan mota. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don lissafi kawai: gyaran jaka 400, kaya jaka 280, kuɗin hannu jaka 120. Idan suna rage kashi 40 cikin 100 na kaya saboda tsufa, za su lissafa jaka 168. A haɗa da kuɗin hannu ya zama 288. A cire kasonka na jaka 50, su biya 238, kai ka cika 162. Mutum yana jin "an ɗauki gyara" ya zaci ba zai taɓa aljihu ba. Ka duba kuma ko akwai kwanakin jira kafin garantin ya fara aiki, ko dole sai a garejinsu, da ko sai sun ba da izini kafin a fara gyara, wanda kusan kullum haka ne.

Abubuwa biyu na nan gida suna kashe garanti ba tare da mutum ya sani ba. Ɗaya man ƴan ruwa-ruwa na bakin hanya: idan aka sami ruwa ko ƙasa a tanki, ba wanda zai biya maka famfon mai ko injekter, balle a motocin gazuwal na zamani da ba sa haƙuri da ɗigon ruwa. Ɗaya kuma ruwan rijiya ko na famfo a radiyata maimakon ruwan sanyaya inji na gaskiya. Yana tara farar ƙasa a ƙananan hanyoyin radiyata, yana cin famfo, kuma duk wanda ya leƙa zai gane. Haka nan mayar da motar gida ta koma taksi ko ta haya, yawancin yarjejeniyoyi sun cire shi.

Tun da Corolla ce, ga ƙarin abu ɗaya da ba ya da alaƙa da rigimarku. Kiran gyara da kamfani ke yi saboda aibin da ya shafi rai daban yake da garanti, ba ya ƙarewa da shekara 3. Mafi shahara shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, wanda ya shafi miliyoyin motoci har da Corolla na shekarun 2000. Idan motar ta tashi, ka kai lambar shasinka wurin wakilin Toyota a Yamai su duba ko tana cikin waɗanda abin ya shafa.